Maikano Ya Ɗaukaka Ƙara

A ƙauyenmu na Ɗinyar Tudu babu abin da Malam Maikano bai iya ba, in dai da baki ake yin sa. Ka ce rediyonka ya lalace, zai ce ya taɓa gyara na jirgin sama. Ka ce jakinka yana ɗingishi, zai ce ka kawo shi gobe ya yi masa tiyata. Wai duk a Kano ya koyo. Abin da muka sani dai shi ne ya yi 'yan shekaru a can yana sayar da goro a ƙofar wata kotu, kuma tun daga lokacin yake lissafa kansa cikin lauyoyi. Ni da nake ba ku labarin nan danga ɗaya ce tsakanina da shi, don haka ba ji na yi ba, gani na yi, kuma har yau kunnena na hagu bai dawo daidai ba.

Ƙauyen namu a bakin titi yake, tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Mota in ta yi wannan hannun, nan ta nufa, in ta yi wancan, can ta nufa. Kada ku tambaye ni wace ƙaramar hukuma ce tamu. Ina da fili da nake jira a sa mini hannu, ba zan kama sunan kowa ba.

Asalin abin rumbu ne. Maikano yana da wani tsohon rumbun ƙasa a wajen gidansa, kusa da hanyar da ta shigo cikin ƙauye. Wata rana da la'asar, a ƙarshen damina, Abdulsalami direba ya ajiye a-kori-kurarsa a wurin ya shiga masallaci, ya bar makulli a jiki. Maikano ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya dube ni.

"Dubi yadda ya yi fakin, don Allah. Yaran yanzu ba su iya komai ba."

"Malam Maikano, bar wa mutum motarsa," na ce.

"Ni da na ja tirela daga Kano har Legas? Gyara masa kawai zan yi."

Ya shiga, ya murɗa makulli, ya sa giya. Shi gaba yake kallo, mota kuwa baya ta nufa. Sai ji muka yi rim! Ƙura ta tashi, kaji suka watse, rumbu ya zube a ƙasa. Abin da ke cikinsa kuwa 'yar ragowar dawa ce da ba za ta cika kwando ba, sai ɓeraye da suka fito a guje suna neman wani gidan.

Washegari da safe, kamar haɗin baki, giredar ƙaramar hukuma ta shigo gyaran hanya. Ta bi ta gaban gidan ta wuce abinta, ko kallon rumbun ba ta yi ba. Tana wucewa Maikano ya fito hannu bibbiyu a ka yana salati.

"Wayyo Allah! Gwamnati ta kashe ni! Rumbuna! Abincin shekara!"

Abdulsalami, wanda fitilar bayan motarsa ta fashe, ya buɗe baki zai yi magana. Maikano ya ja shi gefe ya yi masa alkawarin sabuwar fitila da na goro a kai idan diyya ta fito, sai baki ya rufu. Tasa matar kuma, Safiyatu, Maikano ya ce mata maganar maza ce. Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni.

Ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure ya tafi sakatariya neman diyya. Aka turo mutane suka duba. Suka ga sawun gireda a nan, suka ga gawar rumbu a can, a tsakaninsu kuma ga wata darbejiya tsaye ƙyam, ko ganyenta bai faɗi ba. Ɗayansu ya ce sai dai in tsalle giredar ta yi. Bayan 'yan kwanaki Malam Zulkifli, jami'in da ke karɓar koke-koke, ya zaunar da Maikano a ofis ya yi masa bayani cikin ladabi.

"Malam Maikano, an duba, ba a ga hannun hukuma a faɗuwar rumbunka ba. Ba za a biya ba. Amma in ba ka gamsu ba, kana da damar ɗaukaka ƙara kafin zaman kwamiti na ƙarshen wata."

"Ɗaukaka ƙara?"

"Ƙwarai."

"Shi ke nan abin da ake buƙata?"

"Shi ke nan. Sai ka shigo a nuna maka yadda..."

"Ni za a nuna wa?" Maikano ya miƙe yana murmushi, ya ba shi hannu. "Yaro, ka riga ka faɗi sirrin da bakinka. Allah ya yi maka albarka."

Da yamma a majalisa, a gindin ɗinya, ya gyara zama ya warware mana doka.

"Kun san me ya sa ba a biyan talaka? Ƙararsa ce ba ta kai ba. Mutum ya je ofis yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai gaida surukai. Su kuma manya suna can cikin ɗaki, ƙofa a rufe, fanka tana juyi. Ta yaya za su ji? Shi ya sa doka ta ce a ɗaukaka ƙara. Abu biyu ne a ciki. Ƙara, wato amo. Ɗaukaka, wato a kai shi sama. Wanda ya haɗa biyun nan, ko gwamna sai ya buɗe aljihu."

Safiyatu ta fito miƙo masa ruwa daga bakin zaure, ta ji ƙarshen maganar.

"Baban Basma, ni dai a rediyo in an ce wane ya ɗaukaka ƙara, sai in ji an ce ya tafi kotu ta gaba, ko ya kai kukansa wurin na sama."

"A ina kika ce kin ji?"

"A rediyo."

"Da ba ki ƙara masa murya ba, za ki ji?"

"Ba zan ji ba."

"To kin ga!" Ya juyo ya dube mu. "Kun ji ta ba da shaida da bakinta."

Kai, jama'a! Maimakon a yi masa dariya a tashi, sai na ga idanu sun fara ƙyalli. Kuɗin gwamnati ne fa ake magana. Inna Kubra mai ƙosai ta aiko a gaya masa tun ranar da gireda ta wuce kazarta ta daina ƙwai. Wani ya ce katangarsa ta tsage, alhali tun yana yaro take a tsage. Wani ma cewa ya yi ƙarar giredar ce ta firgita matarsa ta yi yaji. Maikano ya karɓe su duka.

"Kada kowa ya damu, duk za a ƙara. Ai shi ya sa ake ce mata ƙara."

Gwajin farko da maƙogwaronsa ya yi shi. Ya tsaya a ƙofar sakatariya tun hantsi, ya cika ƙirji da iska ya kwarara ihu: "Rumbunaaa! Diyyataaa!" Masu wucewa suka tsaya. Wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta jefa masa sadaka. Bai mayar mata ba. Maigadi ya kawo masa ruwa a buta ya ce ya ɗan matsa inuwa, rana ba ta yi wa masu irin wannan lalurar kyau. Kafin azahar murya ta dushe, ya dawo gida yana magana kamar agwagwa.

"Yaya, an biya?" muka tambaya.

"Ƙarfinsu na je aunawa," ya ce da ƙyar. "Na gano su. Ginin siminti ne, sai da inji."

Inji kuwa a yankinmu mutum ɗaya ke da shi, Ƙasimu mai maganin gargajiya, wanda ke bin kasuwanni daga Sundimina har Farin Dutse da wata tsohuwar mota mai manyan lasifikoki a kai. Ƙasimu ba ya ba da bashi ko ga uwarsa. Abin da suka ƙulla ba mu sani ba, sai da Safiyatu ta leƙo ta ga Ƙasimu a ƙofar gida yana latsa bayan ragonta.

Ragon nan, ku sani, shi ne duk abin da Safiyatu ta mallaka. Tun yana ɗan ƙarami ta saye shi da kuɗin ƙuli-ƙuli. Dusa, harawa, ruwan tsari, abin da ba ta ci ba shi ya ci. Burinta ɗaya a duniya, ta sayar da shi ta sayi keken ɗinki.

"Malam Ƙasimu, lafiya kake latsa mini rago?"

"Kayana nake dubawa, uwar gida."

"Kayanka?"

"To, bai zama nawa ba tukuna. Maigidanki ya ce in diyya ta fito ƙarshen wata zai biya ni hayar lasifika. In ba ta fito ba, in zo da igiya."

Ta shiga gida kamar za ta tashi sama. Ta dangar nan na ji komai.

"Baban Basma, ragona ka jinginar?"

"Ba jingina ba ce. Shaida kawai ya tsaya mini."

"Da izinin wa?"

"Haba Safiya! In kuɗin nan suka fito keke biyu zan saya miki, ɗaya na ƙafar dama, ɗaya na hagu."

"Ɗaya nake so, kuma ga shi can ɗaure a turke yana cin harawa. Wallahi tsoro nake ji. Ni da kai mun san abin da ya kayar da rumbun nan."

"Shhh! Wannan ba ta cikin ƙarar."

Ranar da suka tafi da motar Ƙasimu rabin ƙauye muka bi su, har Inna Kubra ta bar kasko. Aka tsayar da mota daura da ƙofar sakatariya, bakin lasifikoki yana kallon tagogi. Ƙasimu ya miƙa masa makirfo zai nuna masa madannai.

"Wannan na magana ne, wannan kuma kada ka taɓa shi, domin..."

"Ƙasimu, ni fa na yi aiki a gidan rediyo. Matsa."

Ya gyara murya, sakatariya ta amsa. Ma'aikata suka leƙo ta taga. Maikano ya ga an leƙo, kai ya ƙara girma.

"Ya ku shugabanni! Ni ne Malam Maikano na Ɗinyar Tudu! Na zo in bayyana muku a gaban jama'a, ba kunya ba tsoro, cewa abin da ke damuna, abin da ya hana ni barci, ya hana ni zama, shi ne..."

Ya ga kamar amon bai kai ba, ya danna wancan madannin.

"Basir!" in ji lasifika, da muryar Ƙasimu ta talla. "Basir mai tsiro da marar tsiro! Ina wanda in ya zauna sai ya karkace? Ina mai kumburin ciki? Matso kusa, kada ka ji kunya!"

Wayyo, dariya! Maigadi har da riƙe ƙofa. Maikano ya danna nan, ya danna can, talla sai ƙara ƙarfi take. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sannu Malam, ni ma na yi fama da shi, ka rage yaji." Ma'aikata kuwa suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa wani ɗan'uwansa zai saya wa. Ƙasimu ya buɗe bayan mota, kafin la'asar ko ƙulli ɗaya bai rage ba.

A cikin hayaniyar Malam Zulkifli ya ratso ya kama hannun Maikano.

"Malam, don Allah ba haka ake yi ba. Ka shigo ciki mu zauna, a tsara maka ƙarar yadda kwamiti zai duba."

Maikano ya fizge hannu ya juyo wurinmu. "Kun ji? Sun fara neman sulhu! So suke in shiga ɗaki su rufe ƙofa ƙarar ta mutu a ciki. Ba da ni ba!"

A hanyar dawowa ya gano inda kuskuren yake. Ba nasa ba ne, ba shakka.

"An samu ƙara, ba a samu ɗaukaka ba. A ƙasa na tsaya. Dole a hau sama."

Sai aka kwance lasifikokin Ƙasimu da batir aka ɗora a saman lodin a-kori-kurar Abdulsalami. Maikano ya hau can ƙololuwa ya zauna a tsakiyarsu, ɗaya a kunnen dama, ɗaya a na hagu. Abdulsalami ya ɗaga kai yana gaya masa inda zai kai kayan, shi kuwa yana ta "Halo, halo, gwaji, gwaji," bai ji ko kalma ɗaya ba. Da suka hau titi, mota ta karya wancan hannun, ba hannun sakatariyarmu ba.

"Abdulsalami, juya! Ba nan ba ne!"

"Kayan mutane na ɗauko, sai na sauke!"

Maikano ya yi ɗan tunani. "Ba komai, wuce! Ai can ma akwai sakatariya. Gwamnati duk uwa ɗaya uba ɗaya ce, in waccan ta ji za ta gaya wa 'yar'uwarta."

Abin da bai tambaya ba shi ne me ke cikin buhunan da ya zauna a kai. Busasshen barkono ne. Mota ta faɗa rami na farko, buhu ya yi numfashi, hancin Maikano ya karɓa.

"Ya ku jama'a, zalunci... ha... haa... hatsiii!"

Atishawar nan, wallahi a ƙauye muka jiyo ta. Jakuna suka tsinke igiya. Wata mai tallan nono ta yar da ƙwarya. Shi kuma mutum ne mai addini, duk atishawa sai ya ce "Alhamdulillahi," lasifika ta kai wa duniya. Manoma a gonaki suka riƙa ɗaga fartanya suna amsawa, "Yarhamukallahu!" Haka aka tafi, ƙauye bayan ƙauye, shi yana yi ana yi masa addu'a. Wani reshen tsamiya ya karɓe hularsa, bai ma san ta tafi ba.

Ya isa ƙofar waccan sakatariyar ido jajir, hanci yana zuba, ya zazzage musu labarin rumbu, da kazar Inna Kubra, da matar da ta yi yaji. Suka saurare shi tsaf. Da ya gama maigadinsu ya matso.

"Baba, daga ina kake?"

"Eh?"

"Na ce daga ina!"

"Ɗinyar Tudu!"

"Ai ba a ƙasarmu take ba. Mu giredarmu ma ba ta san hanyar garinku ba."

"Eh?"

Nan aka gane lasifikokin sun toshe masa kunne. Tun daga ranar sai an yi masa ihu yake ji, shi ma in zai ce a miƙo masa gishiri sai unguwa ta sani.

Ƙarshen wata ya matso. Dawa ta nuna a gona, babu rumbun zuba ta. Ƙasimu ya riƙa biyowa ta ƙofar gidan yana gaida rago. Safiyatu ta rame, rago ya yi ƙiba.

Ranar zaman kwamiti ta faɗo ranar kasuwa, gari cike. Daura da sakatariya akwai wani tankin ruwa na unguwa a kan dogayen ƙarafa, ya fi kowane gini a wurin tsawo. Shi Maikano ya zaɓa. Aka bar lasifikoki a ƙasa kan motar Ƙasimu suna kallon ɗakin taro, shi kuma ya rataya makirfo marar waya a wuya, ya tattare babbar riga, ya kama tsanin ƙarfe ya hau bai waiwaya ba. Safiyatu ta yafa mayafi ta biyo mu, ta ce ko gawarsa ce gara ta faɗo a gabanta.

Daga can sama ya buɗe wuta. Rumbun da dawar cikinsa ba ta cika kwando ya zama mai cin amalanke goma. Ya ce kakansa ne ya gina shi, Turawa ma sun ɗauki hotonsa. Ya ce gireda da gangan ta zo, ta ja da baya, ta auna, ta daka. Tagogin ɗakin taro suna kaɗawa. A ciki, in ji waɗanda suka halarta, shugaban kwamiti yana magana ba ya jin kansa. Aka rufe taga, zafi ya hana su zama. Aka buɗe, Maikano ya shigo. Daga ƙarshe wani dattijo a cikinsu ya buga tebur ya ce wata guda ke nan ba a yi aiki a gidan nan ba saboda mutumin nan, kuma ko ma mene ne ya kayar da rumbun, talaka ne, kaka ta zo. A ba shi tallafin da zai gina wani, a huta.

Kun ji fa! Haukan ya yi aiki. Ni kaina da na ji sai da na riƙe baki.

Malam Zulkifli ya fito yana ɗaga hannu, yana yi masa alamar ya sauko.

"Ga shi nan!" in ji Maikano ta lasifika. "An turo shi ya sauko da ƙarata! Ba zan sauko ba!"

Zulkifli ya gaji da ɗaga hannu, ya tambaya ko akwai na gidansa. Aka nuna Safiyatu. Ya gaya mata. Baiwar Allah sai da ta zauna a ƙasa don murna, tana ta hamdala, hawaye na zuba. Ragonta ya tsira. Ta ciro waya ta kira mijinta.

Muna kallonsa a sama ya lalubo waya a aljihu. Ya ce wa jama'a, "Ku dakata, ana kira na daga sama." Ya danna wani abu a jikin makirfo, irin dannawar wanda ya yi aiki a gidan rediyo, ya sake shi a ƙirji. Ya manna waya a kunne ɗaya, ya toshe ɗayan da yatsa.

"Eh? Ɗaga murya! Za su me? Za su biya?" Dariyarsa ta cika kasuwa. "Ba na gaya miki ba! Ni Maikano! To saurara, Safiya, yanzu ne za ki kama bakinki."

Safiyatu ta miƙe zumbur. "Baban Basma, ana jin ka!"

"Eh?"

"Na ce ana jin ka!"

"Yo ai don a ji ni na hau! Ke dai ko sun tambaye ki, kada ki kuskura ki ce ni na daki rumbun da motar Abdulsalami. Kin ji? Gireda za ki ce. Ni ina na san giyar baya ce? Motar ce ba ta da tsari."

Kasuwa ta yi tsit. Mai rake ya tsaya da wuƙa a sama. 'Yan kwamiti suka jeru a taga.

"Baban Basma, don girman Allah ka yi shiru!"

"Buhu nawa za ki ce? Ki ce ba ki iya lissafi ba. Kada ki ce kwando ɗaya. Kuma kazar Inna Kubra ki bar ta a ciki, ai ba su san ta tsufa ba ne."

"Kazata ba ta tsufa ba, ɗan nema!" Inna Kubra ta ɗaga murya daga cikin taro.

Wannan ce ta fasa shirun. Dariya ta tashi kamar za a tsaga garin. Mutane suna faɗuwa kan juna, 'yan acaɓa suna danna oda. Maikano ya leƙo ya ga dubban fuskoki suna kallonsa baki buɗe, ya ɗaga musu hannu, don ya zaci murna ake taya shi. Sai idonsa ya faɗa kan Safiyatu, ta saki waya ta rufe fuska da mayafi. Ya dubi makirfo. 'Yar fitilarsa tana ci.

Malam Zulkifli ya karɓi ɗaya makirfon a hannun Ƙasimu. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Malam Maikano, kwamiti ya ji ƙararka. Duka ya ji, har ƙarshe. Ka sauko a hankali."

"To Maikano, tunda ka faɗa da bakinka," Abdulsalami ya ƙwala daga ƙasa, "fitilata fa?"

Saukowar ma ta zama aiki. Sai a lokacin Maikano ya dubi ƙasa da kyau, ƙafafu suka ɗauki rawa. Ya rungume ƙarfe ya ce shi ba inda za shi. Mutumin da ya ja tirela har Legas ya riƙa kiran sunan uwarsa, lasifika tana rabawa kyauta. Ƙasimu, da ba ya barin taro ya tafi a banza, ya saki talla: "Ina mai jiri? Ina mai rawar gwiwa?" Sai da majiya ƙarfi suka hau suka ɗaura masa igiya a ƙugu, aka zuro shi kamar guga.

Igiyar nan ita Ƙasimu ya naɗe ya zo da ita ƙauye washegari. Safiyatu da kanta ta kwance ragon daga turke, ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba. Ta ba shi dusar ƙarshe a tafin hannunta, ta shafa wuyansa, ta miƙa. Rago ya turje, yana waiwaye yana kuka, har suka sha kwana ana jiyo shi. Ta tsaya a bakin zaure tana hawaye. Ni dai na ji tausayinta ƙwarai, kuma duk masu dariyar jiya ba wanda ya yi ko murmushi. A duk ƙarar da aka yi wata guda, ta ragon nan ce kaɗai ta gaskiya.

Aka girbe dawa, babu rumbu. Maikano ya dawo daga masallaci ya tarar an jere dammuna a ɗakinsa har rufi, tabarmarsa da filo da buta kuma suna zaure. Ya tsaya a tsakar gida da 'yar muryar da ta rage masa.

"Safiya, mene ne haka? Ni da gidana in kwana a zaure? Wannan ai zalunci ne!"

Ta ɗago daga tankaɗen da take yi, ta dube shi sama da ƙasa, ta yi magana a hankali, cikin ladabi, irin na ofis.

"Malam Maikano, an duba, ba a ga hannuna a faɗuwar rumbunka ba. In ba ka gamsu ba, kana da damar ɗaukaka ƙara."

Wannan kam, duk da toshewar kunnen, bai ce "Eh?" ba. Ya sunkuya ya ɗauki butarsa.